Mudu Ya Ƙi Mutuwa: Shekara Hamsin Bayan Nijeriya Ta Koma Awon Mita

Duk wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Katsina zai wuce Mil Tara kafin ya isa kasuwar Dawanau. Wanda ya fita daga Zariya ya nufi Funtuwa zai ratsa Mil Goma, daura da Shika. A Legas kuma akwai kasuwar Mil Sha Biyu, inda motocin tumatir da tattasai da albasa na Arewa ke sauke kaya. Allunan da ke bakin waɗannan hanyoyi duk kilomita suke ƙirgawa, haka ma agogon gudun motar da ka hau. Amma har yau ba a taɓa jin fasinja ya ce da direba ya sauke shi a Kilomita Sha Huɗu da Rabi ba, ko da yake tsawon mil tara ke nan.

Shekara hamsin ke nan da ɗoriya tun da Nijeriya ta ajiye awon Ingila ta ɗauki awon mita da kilo da lita. A takarda an gama magana. A rayuwar yau da kullum kuwa, mutum ɗaya a yini ɗaya yakan sha mai da lita, ya yanki shadda da yadi, ya ba tela awo da inci, ya sayi nama da kilo, ya auno gero da tiya, ya kuma yi cinikin fili da ƙafa. Wannan cakuɗa tana da tarihi, kuma tana da tsari. Sabon awo ya yi nasara a duk inda ma'aunin ke hannun hukuma ko masana'anta, ya kuma sha kaye a duk inda ma'aunin ke tsakanin mutum biyu masu kallon juna. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kuɗin da ke zurarewa ta tsakanin awon biyu, wanda galibi daga aljihun mai ƙaramin ƙarfi yake fita.

Lokacin da jiki ne ma'auni

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe da ma'auninsa yake yawo, domin a jikinsa yake. Masaƙi da mai sayen fari suna awo da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsar tsakiya. Mai haƙa rijiya yana lissafin zurfi da gaba, wato tsawon hannu biyu idan an ware su. Magini da mai rabon gona suna ƙirga taki. Fatake ba su san mil ba, zango suka sani: daga nan zuwa Gwanja zango kaza ne, kowane zango kuma tafiyar yini ce ga jaki mai kaya. Amfanin gona ana ƙirga shi da dami, hatsin da aka sussuka a auna shi da ƙwarya ko mudu, nono da ludayi, zinariya da miskali. Kuɗi kuwa wuri ne, ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya har a cika keso, wato wuri dubu ashirin.

Kowa ya san kamun dogo ya fi na gajere, kuma ƙwaryar wannan gari ba ita ce ta wancan ba. Shi ya sa awo bai taɓa zama aikin kwano kaɗai ba. Aikin mutane ne da hukuma. Manyan kasuwanni suna da sarkin kasuwa, akwai kuma korama mai kula da ma'auna hatsi. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta yadda ya tarar da kasuwar birnin cikin tsari, da jami'in da ke lura da ita. Bayan hukuma kuma akwai tsoron Allah. Sura guda ce sukutum a Alƙur'ani ta ɗauki sunan masu tauye mudu, kuma duk yaron da ya zauna gaban malami ya ji labarin mutanen Annabi Shu'aibu da abin da tauye awo ya jawo musu. Ke nan tun fil azal, maganar awo a ƙasar Hausa maganar amana ce.

Sikeli ya zo da jirgin ƙasa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa ba sa saye da ƙwarya. Sikeli suka kafa, suka zo da laba da tan. Auduga ma haka, a kasuwannin kaɗa na ƙasar Zazzau da Katsina. Daga kantunansu kuma yadi ya fito, ya ture kamu, har sunan awon ya zama sunan tufar kanta: yau idan aka ce wane ya ɗinka yadi, ba tsawo ake nufi ba. Duwatsun mil suka jeru a bakin hanya, kananzir ya zo da galan, masu safiyo suka zo da ƙafa da eka.

Wanda bai yi makarantar wancan zamani ba zai yi wuya ya gane wahalar da ɗalibai suka sha. Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. Oza 16 laba ɗaya, laba 2,240 tan ɗaya. Kuɗin ma haka: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Kowane mataki da nasa adadin, ba wanda ya yi kama da na kusa da shi. Malamin awo a rumfar gyaɗa shi ya san wannan lissafi, shi ke karanta allurar sikeli, shi ke rubutawa a littafi. Manomin da ya kawo kaya a kan jaki sai dai ya tsaya ya ji abin da za a ce da shi. Da ƙwarya ce, da ya ƙirga da idonsa. A nan ne zargin da talaka ke yi wa sikeli ya samo tushe, kuma wannan zargi ya daɗe bayan dalar gyaɗa ta rushe.

Inda mita ta fito

Abin ban sha'awa shi ne, ita kanta mita kukan talaka ne ya haife ta. Kafin juyin juya halin Faransa na 1789, kowane yanki na ƙasar da nasa awon, kuma iyayen ƙasa masu karɓar galla su ke riƙe da ma'aunin. Cikin koke-koken da jama'a suka rubuta a wannan shekara har da neman a yi awo ɗaya ga kowa. Masanan da aka ɗora wa aikin suka ce kada a ɗauko awon daga ƙafar sarki ko hannun wani, a ɗauko shi daga duniyar da kowa ke takawa. A 1791 aka yanke cewa mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka shafe daga 1792 zuwa 1798 suna auna nisan Dunkirk zuwa Barcelona domin a fitar da adadin. Daga mita aka ciro sauran: lita ita ce cikin akwati mai santimita goma ta kowace fuska, kilo kuma nauyin ruwan da ya cika wannan akwati. Komai goma-goma.

Amma su kansu Faransawa ba su karɓe ta hannu biyu ba. Kasuwa ta ci gaba da tsohon awonta, har Napoleon ya sassauta a 1812 ya halatta amfani da tsofaffin sunaye. Sai daga 1 ga Janairun 1840 aka tilasta wa kowa. Wato ƙasar da ta ƙirƙiro mita sai da ta yi kusan shekara hamsin tana kokawa da mutanenta. A 20 ga Mayun 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris, a 1960 kuma aka tsara awon duniya da ake kira SI. Ingila da ta koya mana laba da yadi ta sanar a 1965 cewa ita ma za ta bi sahu, ta kuma mayar da kuɗinta lissafin goma-goma a watan Fabrairun 1971. Da uwar gijiya ta sauya, sai ya zama ba dalilin da zai sa Nijeriya ta ci gaba da riƙon abin da masu shi suka saki.

Sauyi uku cikin shekara uku

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, bayan an gama yaƙin basasa a 1970, ta jero wa 'yan ƙasa sauye-sauye uku a jere. Ranar 2 ga Afrilun 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, kamar yadda maƙwabta huɗu, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, suke yi. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 kuma aka fitar da dokar awo da ma'auni, wadda ta sa mita da kilo da lita suka zama awon ciniki a hukumance. Ita ce har yau ake aiki da ita, kuma tsarin mulkin 1999 ya bar maganar awo a hannun gwamnatin tarayya kaɗai.

Idan aka jera ukun nan, sai a ga darasi. Na farko ya kammala a dare ɗaya, domin wanda ya ƙi bin dama a titi ransa ya saka a caca. Na biyu ya ɗauki watanni, domin gwamnati ce ke buga kuɗi, in ta janye tsohon ba ka da zaɓi. Na uku kuwa har yau bai kammala ba, domin kowa na iya zuwa kasuwar 'yan kwanuka ya sayo mudunsa.

Sauyin kuɗi ya nuna tun da wuri yadda irin wannan al'amari ke tafiya. An yi fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. To amma tsohon sule kwabo 12 ne. Ke nan sabon kwabo ya fi tsohon daraja da kashi 20 cikin 100. Duk mai ƙosai ko mai goron da ke sayar da abu kwabo ɗaya, in ya ci gaba da cewa kwabo ɗaya bayan an shiga sabuwar shekara, ya yi ƙarin farashi ba tare da ya buɗe baki ba. Suna bai canza ba, abin da ke cikin sunan ne ya canza. Mutane kuma suka kwashe tsofaffin sunaye suka liƙa wa sababbin kuɗi: kwabo goma ya zama sule, kwabo biyar sisi, naira biyu fam. Jaka, wadda a da fam ɗari ce, ta zama naira ɗari biyu, kuma dattawa a kasuwannin dabbobi sun daɗe suna ciniki da fam da jaka. Yau yaron da bai taɓa ganin sisi ko anini da idonsa ba yakan rantse ba shi da ko sisi, bai ajiye ko anini ba.

Inda sabon awo ya ci gari

Wurin da mita ta fi samun sauƙi shi ne aji. Shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, ya fara a 1976, shekara biyu bayan dokar awo. Miliyoyin yaran da suka shiga makaranta a lokacin, waɗanda da yawansu su ne na farko a gidajensu, da santimita da giram suka buɗe ido. Ba su haddace oza nawa ke cikin laba ba. Abin da iyayensu suka sha bulala a kai, su matsar da ɗigo kawai suka koya.

Sai gidan mai. Famfon mai inji ne, hukuma ce ke sa masa farashi, ita ke da ikon duba shi ta rufe. Da aka juya shi daga galan zuwa lita, magana ta ƙare. Yau duk wata muhawara kan tallafin mai da tsadar rayuwa da farashin lita ake yin ta, ɗan acaɓan da bai taɓa shiga aji ba ya san lita nawa tankinsa ke ci. Haka duk abin da ya fito daga masana'anta a rufe: siminti da taki da shinkafa a buhun kilo 50, ruwan leda santilita 50, tukunyar gas kilo 12.5. Buhun siminti ma ba wanda ya ji sauyinsa, domin tsohon awon Ingila na laba 112 kilo 50.8 ne. Asibiti ma ya koma gaba ɗaya. Jariri da kilo ake auna shi, maganin ruwa da mililita, zafin jiki da ma'aunin Salsiyos.

Akwai kuma waɗanda ba doka ce ta juya su ba, kayan aiki ne. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, motocin Japan kuma suka cika tituna. Kusoshinsu duk da milimita aka ƙera su. Bakaniken da ke ce wa yaronsa ya miƙo lamba goma ko sha huɗu, milimita yake ƙirgawa, ko ya sani ko bai sani ba. Amma da ya koma kan taya sai ya ce rim sha biyar, wannan kuma inci ne.

Inda suna ya tsaya, awo ya zame

Tsakanin inda mita ta ci da inda ta kasa, akwai wani fili mai faɗi inda tsohon suna ya rage amma adadinsa ya goce. Nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido.

Ɗauki galan. Galan na Ingila, wanda aka yi amfani da shi a nan, lita 4.55 ne. Galan ɗin da 'yan bumburutu ke jerawa a bakin titi, ko wanda ake auna man gyaɗa da shi, galibi robar lita 4 ce. Sunan bai motsa ba, amma kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da ke ciki ya tafi. Kwalba ma haka: an ce kwalbar manja, amma wace kwalba, kuma ina aka tsaya da cikawa?

Ɗauki fili. Har gobe a garuruwanmu fuloti hamsin ne da ɗari, wato ƙafa 50 faɗi, ƙafa 100 tsawo. A awon mita wannan 15.24 ne da 30.48, murabba'in mita kusan 464 da rabi. Da yawa kan taƙaita su ce 15 da 30, wato murabba'in mita 450. Bambancin ya haura murabba'in mita 14, girman ɗakin kwana guda. Dillali ya yi magana da ƙafa, takardar safiyo ta zo da mita, mai saye kuma ba ya tambaya sai ranar da maƙwabci ya zo ɗora katanga. Gona ma haka take. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, amma sau da yawa ana furta su kamar abu ɗaya ne. Malamin gona yana ba da shawarar taki da maganin feshi a kan hekta, manomi kuma ya san gonarsa da damin da take bayarwa. Wanda ya zuba wa eka abin da aka tsara wa hekta ya ninka maganin fiye da sau biyu.

Ɗauki tufafi. Yadi santimita 91.44 ne, mita kuwa 100. Mita biyar ta kusa yadi biyar da rabi. A Kantin Kwari turmin atamfa yadi shida ne, shadda kuma wani ya yanka da yadi, wani da mita, musamman wadda ta biyo ta ƙasashen da Faransa ta raina. Wanda ya saro da mita ya sayar da yadi a farashi ɗaya ya ci riba tun kafin ya sa almakashi. Tef ɗin tela kuwa fuska biyu gare shi, amma ɓangaren inci ne kullum ya fi dushewa saboda aiki.

Gini ya fi ko'ina nuna wannan zaman 'yan marina. Bulo inci tara ne ko shida, katako tu-bai-fo, ƙusa inci uku, fayif rabin inci. Amma rodi milimita 12 ne ko 16, tayil santimita 60 da 60, zanen gidan da injiniya ya kawo kuma duk da milimita. Gida ɗaya, harshe biyu. Ita kanta gwamnatin da ta yi dokar ba ta tsira ba: kasafin kuɗinta a kan gangar ɗanyen mai yake tsayawa, ganga kuwa galan 42 ne na Amurka, wato lita 159. Wayar da kake karanta wannan rubutu a kai ma, da inci aka faɗa maka girman fuskarta.

Me ya sa mudu ya gagara?

Za a iya cewa shekara hamsin ba ta isa ba, a ƙara haƙuri. Tsallaka iyaka ya isa ya rushe wannan zato. Jamhuriyar Nijar ba ta taɓa zama ƙarƙashin laba da yadi ba; awon mita ta gada daga Faransa tun zamanin mulkin mallaka. Duk da haka a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni da tiya ake auna gero, kamar yadda ake yi a Jibiya da Maigatari da Illela. Can ma kuɗi na da sunayensa na gida: dala ita ce sefa biyar, jika kuma sefa dubu. Hukumomi biyu, dokoki biyu, tarihi biyu, amma kwano ɗaya. Ke nan dalilin rayuwar mudu a cikin kasuwar yake.

Na farko, mudu ido ke ganinsa. Matar da ta zo awo ba ta buƙatar karatu ko batir ko yarda da allura. Tana kallo ana cikawa, tana ƙirgawa. Na biyu, mudu daidai yake da tukunya: uwargida ta san mudu nawa gidanta ke ci a yini, ba ta san kilo nawa ba. Na uku, mudu yana da wurin mutunci. Ana yi masa tozo, ma'auni kan kare bakinsa da hannu don ya ƙara ɗauka, a ƙarshe a yi gyara. Da wannan ɗan ƙarin ake gane abokin ciniki na kullum, ake tausaya wa marainiya, ake girmama dattijo. Sikeli bai san surukarka ba.

Sai dai ƙofar da alheri ke shigowa, ta nan cuta ke shigowa. A kasuwanni da dama ana lissafin babban buhu tiya arba'in, wato tiya ɗaya wajen kilo biyu da rabi na gero ko masara. Amma mudun Kano ba shi ne na Kaduna ba, na Kaduna ba shi ne na Abuja ba. A kasuwa ɗaya ma akwai kwanon saye da kwanon sayarwa: babba a ƙauye ranar kasuwa lokacin kaka, ƙarami a birni lokacin bazara. Akwai wanda aka bubbuge wa gindi ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki. Buhu kuma ya fi mudu rashin tabbas. Ana kiransa buhun kilo ɗari, amma akan ɗinka masa ƙari a baki a danna kaya har ya wuce haka nesa, a kuma biya manomi kuɗin buhu ɗaya. Gwamnatocin jihohin Arewa da dama sun sha fito da mudu mai tambarin hukuma, a yi biki a raba, bayan 'yan watanni kasuwa ta koma gidan jiya, domin raba kwano abu ne mai sauƙi, zagayawa kullum a duba shi ne aikin.

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane sabon shiga: adadi ba tare da sunan awonsa ba tarko ne. Misalin da aka fi bayarwa shi ne kumbon da hukumar NASA ta aika duniyar Mars, wanda ya salwanta a watan Satumban 1999, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da awon laba, wadda ke karɓa kuma ta ɗauka awon mita ne. Amma wannan matsala mai sauƙi ce, domin tsakanin laba da kilo adadi ɗaya ne tabbatacce: laba giram 453.6 ce a ko'ina a duniya. Duk mai son rubuta manhajar farashin hatsi a Arewa zai tarar da abin da ya fi wannan wuya. Ba adadin da za ka ninka mudu da shi ya zama kilo sai ka san gari, ka san kaya, domin mudu cika yake aunawa, kuma mudun gero ya fi mudun gyaɗa mai ɓawo nauyi, ka kuma san ko saye ake yi ko sayarwa. Manomin da ya ji a rediyo ko ya gani a WhatsApp cewa tiya ta kai kaza a Dawanau bai samu labarin da zai yi ciniki da shi ba, sai ya san wace tiya.

Gada tsakanin awo biyu

Akwai fagen da aka riga aka nuna cewa tsohon awo da sabo za su iya zama lafiya, wato fagen ibada. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, mudun Annabi huɗu, kuma ba wanda ya ce a soke sa'i. Abin da malamai suka yi shi ne suka auna shi, suka gaya wa jama'a kimanin kilo biyu da rabi zuwa uku ne, gwargwadon irin abincin. Nisabin zinariya miskali ashirin ne, aka ce kimanin giram 85, ake kuma sanar da kuɗinsa da naira lokaci-lokaci, har da mafi ƙarancin sadaki. Nisan da matafiyi zai yi ƙasaru, wanda littattafan fiƙihu suka ƙayyade da mil 48, aka fassara shi da kusan kilomita 80. Sunan ya zauna inda yake, aka ɗaure shi da adadin da kowa zai iya bincikawa.

Abin da kasuwar hatsi ke jira ke nan. Mudu ba ya buƙatar a kashe shi, kuma tarihin Faransa da na Nijar sun nuna ba ya kasuwa da doka. Yana buƙatar a san lita nawa ne cikinsa, a rubuta a jikinsa, ya zama ɗaya daga Sakkwato zuwa Maiduguri, a kuma ajiye sikeli a ofishin sarkin kasuwa inda duk mai shakka zai je ya gwada kyauta. Tozo da gyara su ci gaba da zama kyautar mai kaya, a kan awon da ya riga ya cika.

Dalilin gaggawar abin a bayyane yake a 'yan shekarun nan na tsadar abinci. Idan farashi ya tashi, kowa na gani: jaridu su buga, hukumar ƙididdiga ta rubuta, malamai su yi huɗuba. Idan mudu ya ragu kuwa, ba littafin da yake shiga. Magidancin da a da yake auno tiya, ya koma rabi, ya koma gwangwanin madara, shi ne ke biyan farashi biyu, na fili da na ɓoye. Masu juyin juya halin Faransa da suka auna duniya don su fitar da mita, da korama da ke zagaya rumfunan ma'auna a kasuwar birni, abu ɗaya suke nema: mai saye da mai sayarwa su san abin da ke cikin kwanon kafin kuɗi ya bar hannu. Dokar 1974 ta kai wannan tabbaci gidan mai da kantin magani da buhun siminti. Saura rumfar hatsi, inda mafi yawan kuɗin talaka ke ƙarewa.